Gurbi Biyu a Allon Dogo

Maigatari, bayan Ƙaramar Sallah, 1929

Daga Hussaini Dogo zuwa ga taubashina Ilu, ɗan Kawu Malam Gudaji, wanda Ikko, birnin nan na bakin teku, ta haɗiye ta ƙi amayarwa. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Lauratu da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sa raƙuman Damagaram suke isowa kasuwa ransu a ɓace. Iya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta kana da gwaggo a duniya. Na ce mata mutumin da yake cin kifin teku kullum ba ya tuna masu miyar kuka.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɓata takarda a kanka. Ƙarfen jirgi ya baro Kano ya nufo gabas, kuma kowa ya tabbatar ta Gagarawa zai bi. Na riga na kama fili kusa da inda za a yi tasha, na kafa rumfar sayen gyaɗa da fata. Sai dai ba ni kaɗai Allah ya ba wayo ba. Rumfuna sun fara tsirowa a wurin kamar tafasa bayan ruwan fari. Ranar da akawun kamfani zai sauko daga jirgi, duk iri ɗaya zai gan mu. Ni kuwa so nake tawa ta kira shi tun kafin in buɗe baki.

Da na je Kano kwanan baya, na ga kantin wani Bakwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, a Fagge, an rubuta sunansa bisa ƙofa da manyan baƙaƙen boko. Kowane baƙi yana tsaye da takalmansa, gefe ɗaya kauri kamar cinyar bijimi, ɗaya gefen siriri kamar zaren saƙi. Sun jeru kamar attajirai a sahun gaba ranar Idi. Ilu, na tsaya kallo har na shiga na sayi fitilar da ba na bukata. Ni fa, wanda ya sayar wa Buzu raƙumi mai tari ya ce masa gaisuwa yake yi. In sun yi mini haka, me za su yi wa akawu?

Kai da kake kwana kana tashi a gidan buga takardu, ka aiko mini da irinsu. Sunana kawai nake so, HUSSAINI DOGO, manya, yadda mai zane zai kwaikwaya a kan allo. Cindo mai goro zai dawo kafin Babbar Sallah, ka ba shi.

Sai magana ɗaya. Na biya Sule Tankarkar a hanyata ta dawowa. Idon Kawu ya yi rauni ƙwarai. Tun kafin azumi ya naɗe alƙalumansa, ya ce ƙananan baƙaƙe yawo suke yi masa a kan takarda. Mutumin da hannunsa bai taɓa rabuwa da tawada ba, yanzu zaune yake a zaure ya juya wa ƙofa baya. Ba ciwo yake yi ba. Amma ƙanwarka Hannatu ta ce yadda ta kai tuwo haka take ɗauko shi, sai ɗan gefen da ya taɓa don kada ta yi kuka. Bai tambaye ka ba. Amma ka san ko lokacin da kuke shiri ba ya kama sunan ɗan fari, balle yanzu.

Allah ya sada mu da alheri. Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Dogo.

*

Ikko, kafin Babbar Sallah

Zuwa ga Hussaini, wanda tsawo ya sa hankali bai ƙarasa kansa ba. Ina amsa gaisuwa. Muna lafiya, Lauratu ta yi zazzaɓi amma ta tashi. Ka durƙusa ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce mata ga turmin atamfa nan a hannun Cindo, na san shi zai fi bakina iya ba da haƙuri.

Takardarka ta iso tana warin kanwa. Baƙaƙen da ka gani na san su. A wurin aikinmu muna da ƙanana na dalma, muna da manya na katako. Na zaɓo maka waɗanda maigidanmu yake ji da su, ba ya fito da su sai za a buga sanarwar tashin jirgin ruwa, ko sunan littafi a shafin farko, ko takardar gayyatar bikin manya. Na buga kowane baƙi a takardarsa, tsawonsa taƙi guda. A ƙasan kowanne na ja layi da farce, ba da tawada ba, don mai zane ya san inda baƙin zai zauna.

Ka ja wa mai zanen kunne kada ya ji tausayin siraran wuraren ya ƙara musu kauri. Kyawun duk yana cikin bambancin nan ne. Abin da kake kira takalma kuwa ba ado ne kawai ba. Su suke zaunar da baƙi a kan layi, su suke rufe ƙarshen zane don kada ya zama kamar an datse shi da gatari. Zai ga O ta ɗan wuce 'yan'uwanta sama da ƙasa. Ba kuskure ba ne, abu mai zagaye in an daidaita shi da sauran sai ido ya gan shi ƙarami. Tazarar da ke tsakaninsu kuma kada ya auna da kara. Ya duba da ido, kamar zai zuba gero mudu ɗaya a tsakanin kowane biyu.

Na san halinka, don haka nake gaya maka tun yanzu: waɗannan don girma aka yi su. In ka ce za ka ƙanƙanta su ka yi hatimin buhu, siraran za su ɓace, a bar ka da sanduna. Buhu yana son masu kauri marasa takalmi.

Maganar Baba ta hana ni cin abinci ranar da na karanta. Kai kana Maigatari lokacin da muka rabu, ba ka ga yadda aka yi ba. Da na gaya masa zan tafi koyon aikin inji, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi rubutun da babu hannun mutum a bayansa ba rubutu ba ne, sawun ƙarfe ne. Sannan ya miƙo tafin hannu. Na gane abin da yake nufi, na ciro wuƙar feƙe alƙalami da ya ba ni ranar da na fara rubuta masa shafi cikakke, na ajiye masa. Tun daga ranar gaisuwata take zuwa, ba ta dawowa.

Na sa tabarau a cikin gwangwanin da takardun suke. Ka ba shi kamar daga gare ka. Roƙona ɗaya ne, Hussaini, kuma ba da wasa nake yi ba: kada ya ga takardun nan. Ka kai su Gumel ko Kano a zana maka.

Wassalam.
Ilu.

*

Maigatari, farkon damina

Ilu, gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka, an yi shuka, kowa lafiya. Iya ta karɓi atamfa, ta ce ta yafe rabi. Tabarau kuma na kai. Kawu ya sa, ya ce yanzu hazon ya matso kusa, ya cire. Hannatu ce take zura zare a allura da shi, ta ce a yi maka godiya.

Yanzu ka zauna da kyau, don zan gaya maka na yi abin da ka hana.

Na sa kafinta a Gumel ya haɗa mini allo da katakon akwatunan kananzir, aka shafe shi fari tas. Na ɗora wa jaki, na nufi Gagarawa ta hanyar Sule Tankarkar. Kada ka ce mini ba hanya ba ce, na sani. A ƙofar gidanku jakina ya fara ɗingishi, Allah ya ba shi lafiya, jaki ne mai fahimta. Na roƙi Kawu ya bar ni in fake a zaure in yi ɗan aikina. Na ce masa wani akawu a Kano ne ya ba ni samfur. Na kafe takardunka a bango da ƙaya, na ɗaura tsumma a kan kara, na tsoma a tawada, na fara H a bayan wata tsohuwar fata. Ka san hannuna. Ban ma sha wahalar ɓatawa ba.

Kawu ya ja buzunsa ya ƙara juya baya. Washegari na ci gaba, ina yi ina yabon kaina da ƙarfi. Can sai na lura kansa ya ɗan karkato. Ilu, baƙi wuluk a kan fari fat, tsawon taƙi guda, wannan idonsa yana gani. Rabonsa da ganin gefen baƙi sosai tun kafin azumi.

Ya ce in miƙo masa mai zagayen nan. Na ciro O na ba shi. Ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya bi ta da yatsa a hankali, ya zagaya, ya sake zagayawa. Da yatsan ya sauka ƙasan takardar ya daɗe a wurin, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya tambaye ni wa ya ce mini inji ne ya yi wannan. Na ce ai kowa ya sani, inji ne yake bugawa.

Ya ce, "Bugawa dai. Amma wanda ya haife shi alƙalami mai faɗin baki ya riƙe, a karkace, bai juya shi ba har ya gama. Dubi inda ya cika da ya gangaro, dubi inda ya rame da ya gitta. Kuma ba yaro ba ne."

Na ce to ni da tsummana fa? Ya ce in ajiye tsumman nan kafin ya sa a kore ni daga garin.

Ya kira Hannatu ta kawo masa guntun gora da wuƙa. Eh, wuƙar nan, ita. Ya tsaga gorar, ya feƙe mata baki mai faɗin yatsa biyu, duk da lalube, bai ko duba ba. Ya tsoma, ya ja O a kan fatar nan kusa da tawa. Tawa ta koma kamar kashin raƙumi. Ya yi tsaki ya ce bai yi ba, ya sake. Har la'asar yana sakewa. Da aka kawo tuwo ya cinye, ya tambaya ko akwai saura a tukunya. Hannatu ta koma cikin gida da gudu don kada ya ga fuskarta, ta manta ba ya gani.

Na bar masa allon da takardun da gwangwanin fenti. Ya ce fentin wari gare shi kuma ba ya bin alƙalami, don haka da tawada zai fara zanawa, in ta bushe ya bi ta da fenti. Ya ce kada in dame shi da zuwa.

Ka ga ciniki ko? Wasu suna zuwa har Kano neman mai zane, ni kuwa na samu marubucin da babu kamarsa a ƙasar Gumel, ladansa goro. Ka yi mini barka.

Taubashinka mai dabara,
Dogo.

*

Ikko, ƙarshen damina

Hussaini, ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Takardarka ta daɗe da isowa. Ban amsa ba don duk wadda na fara sai in yage. Saƙon bakin da ka aiko na tambayar ko na mutu shi ma ya iso.

Na roƙe ka abu ɗaya. Ka ɗauke shi ka kai zaurenmu ka kafe a bango da ƙaya. Ka yi masa ƙarya, sannan ka rubuto mini kana dariya. Na karanta layin nan naka na goro har na haddace shi. Mutumin da ake tahowa daga Damagaram a jira shi shekara don ya rubuta wa mutum Alƙur'ani, shi ka mayar mai zanen rumfar gyaɗa, don idonsa ya mutu ba shi da zaɓi. Cindo ya ce maganar ta kai kasuwar Maigatari, har masu kanwa suna yi da shi.

Wannan ma da sauƙi. Ka yi tunanin ranar da zai gane daga hannuna suka fito? Zai ce na jira sai da ya makance, sannan na aiko masa da abin da ya raina, manya-manya, don in nuna masa shi kaɗai ya rage masa. Da ina da 'yar ƙofa a wurinsa, ko ta gaisuwa ce. Kai ka toshe ta don akawun kamfani ya ga sunanka.

Na ji daɗi da yake cin abinci, Allah ya sani. Amma ka je ka cire takardun nan tun bai sani ba, ka ƙone su ko ka ba Cindo ya dawo mini da su. Allonka ka kai inda za ka kai.

A wannan maganar babu taubasantaka.
Ilu.

*

Gagarawa, da kaka

Zuwa ga ɗan'uwana Ilu. Gaisuwa, ba tare da wasa ba tunda ka hana. Kowa lafiya. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ta fara shigowa, masu aikin ƙarfe kuma sun matso har muna jin gudumarsu in iska ta juyo.

Maganar goro bakina ne, ka san shi tun muna yara, ya riga kaina fita. Ban ba Kawu goro a matsayin lada ba, kuma da na kawo maganar lada sai da ya kusa jifa na da tawada. Amma ba zan yi maka rantsuwar ƙarya ba. Ina son allona, gaskiya ne. Ina son Kawu ya ci tuwo, shi ma gaskiya ne. Na ga jaki ɗaya zai iya ɗaukar kayan biyu, na ɗora masa.

Mutane sun yi magana, Cindo bai yi ƙarya ba. Har wani malami abokinsa ya taso daga Gumel don ya yi masa nasiha. Hannatu tana bayan ƙofa ta ji. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce masa babu sunan Allah a allon nan, sunan Dogo ne, kuma duk wanda ya san Dogo ya san babu abin da za a wulaƙanta a ciki. Suka yi dariya, suka ci fura. Kafin baƙon ya tafi, Kawu ya nuna masa Bisimilla da ya rubuta da alƙalamin gorar nan a kan farar fata, kowane baƙi kamar hannun yaro. Yanzu tana rataye a masallacin unguwarku. Abin da Cindo bai kai maka ba ke nan, don shi mai goro ne, labari mai ɗaci ya fi yi masa saurin tafiya.

Duk da haka, da takardarka ta zo na ce ubanka ne, maganarka ce a sama. Na tafi Sule Tankarkar don in cire takardun.

Na tarar da allon jingine a zaure, an rufe shi da zane. Kawu ya ce in buɗe. Ilu, na Bakwaran nan na Fagge almajirin wannan ne. Siraran kamar gashin wutsiyar doki, masu kaurin kamar ka rungume su, takalman duk a kan layi ɗaya. Sai dai a tsakiyar sunana akwai fili fari. H da U suna nan, A da sauran suna nan, DOGO cikakke. S guda biyu babu. Ya bar musu gurbinsu daidai, ba ƙari ba ragi.

Na tambaye shi ko fenti ne ya ƙare. Ya ce a'a. Ya ce wannan mai wuyan zalɓen ya fi ƙarfinsa, ya rasa inda ake juya hannu a tsakiyarsa, sai dai wanda ya aiko da takardun ya zo ya nuna masa. Na gyara murya na ce akawun nan na Kano mutum ne mai aiki da yawa, da wuya ya samu zuwa.

Ya juyo da idanun nan nasa da ba sa gani ya dube ni har na ji ƙaiƙayi a wuya. Ya ce, "Hussaini, akawun Kano ne yake jan layi da farcen babban yatsa, daga dama zuwa hagu, ya ɗan danna a ƙarshe? Mutum biyu na sani masu yin haka. Ɗaya yana zaune a gabanka."

Tun ranar farko, Ilu. Tun ranar da yatsansa ya tsaya a ƙasan O. Ni ina can ina yi wa kaina kirari, shi ya riga ya karanta ka da yatsa, ya ci tuwonsa, ya bar ni ina ta zuba ƙaryar akawu wata da watanni.

Ban gama jin kunya ba sai da na zo ɗora allon a kan jaki. Na juya shi don kada igiya ta goge rubutun. A bayansa, S ne a jere tun daga wannan gefe har wancan, kowace ta fi ta gabanta kyau, ta ƙarshen ta fi wadda ka bugo. Na dubi Hannatu. Ta ce ai da S ɗin ya fara, tun ruwa bai yi nisa ba, don ita ta fi ba shi sha'awa. Na koma zaure na buɗe baki, ya riga ni. Ya ce in na kuskura na bar wani hannu ya taɓa gurbin nan, kada in ƙara taka masa zaure.

To ga ni a Gagarawa da allo a bisa rumfa da rami a tsakiyar sunana. Akawunan masu aikin ƙarfe suna wucewa suna karantawa suna dariya. Wani Bayarabe a cikinsu mai iya fenti ya ce zai cike mini kafin a yi sallar azahar. Na ce masa na gode, haka ake yayi a Kano. Na sayi dabbobi a hannun Buzaye da Fulani da mutanen Mushe Bafaranshe na tsallaken iyaka, ba wanda ya taɓa ɗaure ni irin yadda tsohon nan ya yi, yana zaune a kan buzu.

Ba zai rubuto maka ba, ba zai aiko a ce ka zo ba. Ka san bakinsa ba zai iya kama sunanka ba ko da babu abin da ya taɓa shiga tsakaninku. Wannan farin filin shi ne iyakar kiran da zai iya yi. Kuma ga abin da na gani da idona, ka yi yadda ka so da shi: wuƙar nan ba ta cikin jakarsa. Tana kan dakalin da kake zama kana yaro, kusa da guntun gora guda biyu, ba a feƙe su ba.

Takardunka suna nan a bango, ban cire ba. In har yanzu kana so in ƙone su, ka zo ka ƙone da kanka.

Naka,
Dogo.

*

Ikko, farkon sanyi

Zuwa ga taubashina Dogo, bawan gidanmu, wanda aka yi wa wayo a zaure. Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na karanta wa Lauratu takardarka, ta yi kuka a wurin tuwo, ta yi dariya a wurin rami.

Na yi maka zafi, ka yafe. Bakinka dai har yanzu yana bukatar linzami.

Maigidanmu ya ba ni izini. Zan hau jirgi bayan an gama buga kalandar sabuwar shekara, in sauka inda ƙarfe ya tsaya, ka turo mini jakin nan naka mai fahimta. Da babban ɗana zan taho, Baba bai taɓa jin muryarsa ba.

Amma akwai matsala, kuma kai ka jawo ta. Ni ban taɓa zana S da hannu ba. Daga cikin akwati nake ɗauko ta, in jera, inji ya danna. Da na gama karanta takardarka na samo gora na feƙe da wuƙar kicin, na gwada. Lauratu ta leƙo ta tambaye ni wa ya taka tana. Na cika takardu, har yanzu ban gano inda ake juya hannun ba.

Ka sauke allon daga rumfa ka mayar da shi Sule Tankarkar. Akawun kamfani ya yi haƙuri, ya neme ka da tsawonka, ba ka ɓacewa a kasuwa. In ka isa ka gaishe da Baba. Kada ka kama sunana, kada ka sa shi jin nauyi. Ka ce masa wanda ya aiko da takardun yana tafe, amma bai iya ba, sai an koya masa.

Ilu.